Waiwaye: Inda ƙuruciya ke ƙarewa a littattafan Kamaru da Chadi

Mai karatu a Marwa ko Garwa yana shan labari daga rijiya biyu: littattafan Hausa da ke shigowa daga Kano, da na Faransanci da ake karantawa a makaranta. Duka biyun sun daɗe suna bin yaro ko yarinya har ranar da ido zai buɗe. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wanda ke buɗe idon.

A Turai ana danganta wannan salo da "Wilhelm Meister" na Goethe, na shekarun 1795 da 1796, inda saurayi ke fita duniya da ƙafarsa. Yaron namu ba kasafai yake da zaɓi ba. A "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934, sace shi aka yi yana ƙarami, bauta ta rene shi.

Zamanin mulkin mallaka, gidan Bature ne makarantar. A "Une vie de boy" na Ferdinand Oyono ɗan Kamaru, 1956, Toundi ya gudu daga dukan mahaifinsa zuwa wajen wani fada, limamin coci Bature, ya koyi rubutu, ya zama yaron kwamanda. Dubi yadda aka jera matakan. Da farko yana ganin Turawa kamar ba mutane ba. Sai ya ga maigidansa wajen wanka, ashe ba shi da kaciya, tsoro ya fita daga ransa. Daga nan ya gano matar kwamanda tana neman shugaban gidan yari, kuma sanin nan ne ya ja masa sharri da duka har ya mutu. A Chadi kuwa, Joseph Brahim Seid ya rubuta ƙuruciyarsa a "Un enfant du Tchad", 1967.

An daɗe labarin na maza ne. Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a 1975, ta mayar da shi cikin gida. A littafinta na 2017, wanda ya sake fitowa da sunan "Les Impatientes" ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020, an aurar da Ramla da Hindou, 'yan uba ɗaya, a rana guda. Ramla tana burin karatun haɗa magunguna, aka ba da ita ga attajiri mai mata. Babu baƙo a nan: uba da baffanni ne suka yanke hukunci, gwaggo ta raka da nasihar haƙuri. A ganinmu wannan ya fi ciwo, domin hannun da ya rene ta shi ne ya miƙa ta.

Sirrin ginin ɗaya ne tun daga Oyono: mai karatu ya riga yaron fahimtar abin da ke faruwa, ya zauna yana jin tsoro a madadinsa. Nan sababbin marubuta ke tuntuɓe. Wani zai sa 'yar shekara 13 ta yi magana kamar alƙali tun babin farko, to me ya rage mata ta rasa? Wani kuma ya tattara sauyin a shafi guda, ko ya tsayar da labari ya hau wa'azi. Kafin a ƙwace wa yarinya wani abu, sai an nuna shi a hannunta, littafin makarantarta ne ko amincewarta da babanta, har mai karatu ya saba ganinta da shi.