Ɗakin Kwana da Intanet: Tambayoyin Sabon Ɗalibin Jami'a

In zauna a ɗakunan kwanan makaranta, ko in kama haya a waje?

A shekarar farko, in ka samu gado a cikin makaranta, karɓi abinka. Ba wai don ya fi daɗi ba. Sau da yawa akwai cunkoso, banɗaki na taro ne, kuma ba kai ke zaɓen wanda za ku kwana ɗaki ɗaya ba. Amma ɗan aji ɗaya baƙo ne: bai san unguwar da ke da tsaro ba, bai san wanda zai iya haɗa kuɗi da shi ba tare da rigima ba. A cikin makaranta, kuɗin ɗaki yakan haɗa da wuta da ruwa da masu gadi, kuma laccar ƙarfe 8 na safe da ƙafa za ka je ta. Gadajen dai ba sa isar kowa, don haka ranar da aka buɗe shafin nema, ranar za ka cike.

Amma na ga hayar waje kamar ta fi sauƙi.

A baki ne ta fi sauƙi. Shekarar karatu takan ɗauki wata 9 ko 10, mai gida kuwa galibi hayar wata 12 yake so, ka ga za ka biya kuɗin ɗakin da ba kowa a ciki lokacin hutu. Ɗora la'adar dillali, da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, da wuta, da ruwa, da kuɗin mota kullum. Sai kuma abin da ba ya shiga rasit: in tafiyar minti 40 ce zuwa, 40 dawowa, kwana 5 a mako, awa 6 da minti 40 ke nan sun tafi a hanya kowane mako.

Me zan duba kafin in ba da kuɗi?

Ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Soka cajar wayarka a kowane soket. Duba kusurwar silin da bayan gado. Baƙin tabo ko bangon da fentinsa ke ɓarewa alamar danshi ne. Gwada makullin ƙofa, ka tambaya mutum nawa ke da irinsa. Ka sake komawa da daddare, don unguwar da ke shiru da hantsi tana iya zama wata aba daban bayan duhu ya yi. Tambayar ruwa da wuta kuwa, wanda ke haya a gidan za ka yi wa, ba dillali ba.

Yarjejeniya ta zama a rubuce, kowane biya da rasit. Ranar shiga, ɗauki hoton duk wata tsaga da fasasshen gilashi, saboda ranar fita kada a cire a kuɗin ajiyarka. Duk wanda ya turo maka hotuna masu kyau ya ce ka tura kuɗi yanzu-yanzu kafin wani ya riga ka, alhali ba ka ga ɗakin ba, rabu da shi. Wannan tsohuwar damfara ce, kuma sababbin ɗalibai ake ɗana wa ita.

An ce min akwai Wi-Fi a ginin. Shi ke nan na huta?

Akwai shi a ginin daban, ya iso gadonka daban. Rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, na watsa sabis a zango biyu da aka fi sani: 2.4 GHz ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma ya fi cunkoso. 5 GHz ya fi gudu, sai dai bango biyu ko uku na kankare sun isa su raunana shi. Saboda haka tsaya a daidai inda teburin karatunka zai kasance, ka buɗe shafin Speedtest ko fast.com ka auna gudun intanet ɗin. Lokacin awon ma yana da muhimmanci. Da rana kowa yana aji, layi fayau. Awon gaskiya shi ne na ƙarfe 9 ko 10 na dare, lokacin da duk ginin ke kallon bidiyo. In akwai ramin kebul a bango, sayi kebul ɗin, ya fi Wi-Fi tsayawa daram.

Ka kuma tambayi ofishin kwamfuta ko jami'arku tana cikin eduroam. Tsari ne da ya faro a Turai a 2003, yanzu yana ƙasashe fiye da 100. Da sunan shiga da kalmar sirrin makarantarku za ka hau intanet a duk wata jami'ar da ke cikinsa.

Gudu nawa nake buƙata?

Bai kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Lacca ta Zoom da hoto tangaram ba ta wuce Mbps 4 (Mbps na nufin megabit a daƙiƙa, ma'aunin gudun intanet), Netflix kuma Mbps 5 yake ba da shawara don bidiyo mai hoto tangaram, wato cikakken HD (1080p). Mbps 10 da ba ya yankewa ya fi Mbps 50 mai zuwa yana ɗaukewa, musamman ranar da kake tura aikin da za a rufe karɓa ƙarfe 12 na dare. A nan ne ma gudun turawa ke aiki, wanda ba a cika rubuta shi da manyan baƙaƙe ba.

Wani abu mai rikita mutane: kamfani da megabit yake talla, fayil kuwa da megabait ake auna shi, kuma bit 8 ne bait 1. Layin Mbps 40, in ya yi iya ƙoƙarinsa, MB 5 zai sauke a daƙiƙa. Ba cutarka aka yi ba.

Tsarin da aka ce ba shi da iyaka fa?

Karanta ƙananan rubutun. Da yawa suna da ƙa'idar cewa in ka kai wani adadi a wata, za a rage maka gudu har shafi ya riƙa buɗewa da ƙyar. Ba karatu ke cinye data ba, bidiyo ne: awa 1 na HD na iya lashe GB 3, wanda ya fi littattafan PDF ɗaruruwa. Rage ingancin hoto a waya, ka bar manyan saukewa da sabunta manhaja sai ka shiga laburare.

Mu haɗa kuɗi da abokan zama mu sa layi ɗaya?

Yana rage nauyi, amma wanda sunansa ke kan kwangila shi kamfani ya sani, ko da sauran sun kwashe kayansu. Ku karɓi kuɗin kowa kafin wata ya kama. Kada ku sa hannu a kwangilar wata 24 alhali hayarku ta wata 12 ce, don fita kafin wa'adi yakan zo da tara. A watan farko ma ku fara da tsarin wata-wata, ko ƙaramar rauta mai layin waya, kowa kuma ya riƙe layi na biyu na wani kamfanin daban saboda makon jarrabawa.