Zafin Maris a Abuja: tambayoyi da amsoshi ga lebura da ɗan kwangila

Da zarar hazo ya janye a ƙarshen Fabrairu, rana sai ta buɗe wa Abuja wuta. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 37, wata rana ya doshi 40, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi ta gargaɗi. Mai ofis yana da na'urar sanyaya ɗaki. Birkila a Lugbe, mai fasa dutse a Mpape da mai lodin siminti a Dei-Dei ba su da wannan gatan.

Wai zafi kaɗai zai iya kashe ƙato mai jini a jika?

Ƙwarai kuwa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, gumi ne ke hana shi wuce haka. Aikin ƙarfi na hura wuta daga ciki, rana na duka daga waje. Gab da damina kuma iska kan yi laima, gumi ya ƙi bushewa, sai ka ga mutum sharkaf amma jikinsa bai huce ba. Idan zafin jiki ya haura 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun shiga haɗari. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2024 ya ce kusan ma'aikata 19,000 ke mutuwa duk shekara sanadin tsananin zafi.

Ta yaya zan gane abokin aikina ya fara galabaita?

Da farko jiri ne, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyi, fitsari ya ragu ya koma kalar shayi. Wannan a kai shi inuwa, ya sha ruwa, aikin ranar ya ƙare masa.

Abin tsoro shi ne hankali ya taɓu. Yaron da ke miƙa maka bulo tun safe ya fara tangaɗi, ka kira sunansa ya amsa da sambatu, ko ya tayar da faɗa ba gaira ba dalili, ko ya yanke jiki ya faɗi. A nan ne muke ɓata lokaci: wani ya ce iska ce, wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a ruga kemis. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

To me za a yi masa?

A sanyaya shi nan take. A kai shi inuwa, a cire masa riga da takalmi, a yi ta kwarara masa ruwa ana fifita. In akwai ƙanƙara, a sa a wuya da hammata da matsematsi. Wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota, a ci gaba da jiƙa shi har asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Ruwa nawa ya kamata a sha?

Kofi guda kowane minti 15 zuwa 20, wato kamar leda biyu na fiya wata a awa, kuma kada a jira ƙishirwa. Kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa, yawansa ma illa ne. Wanda ya wuni yana gumi, ruwan gishiri da sukari ya fi masa lemon ƙara kuzari.

Mai azumi fa?

Ya cika cikinsa da ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a ba shi aiki mai nauyi da sanyin safiya. Idan ta kai ga tsoron halaka, malamai sun yi bayani: a sha ruwa, a rama daga baya.

Laifin wa ne idan lebura ya faɗi?

A ganina, kaso mafi tsoka na wuyan mai aikin. Wanda ake biya da yawan bulon da ya ɗora ba zai zauna da kansa ba, don kowane hutu ragi ne a kuɗin cefane. Ga gorin 'yan'uwa, a ce masa rago. Sai oga ya ce "kowa ya sauka" sannan za a sauka. Tankin ruwan sha, rumfa ko da ta tamfol ce, da hutun da ba a zaftare kuɗinsa ba, duk ba su kai kuɗin kwana guda a asibiti ba.

Baƙo ya fi kowa shiga haɗari. Jiki na buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, shi ya sa masana a Amurka ke cewa sabon ma'aikaci ya fara da kashi 20 cikin 100 na aikin yini, a riƙa ƙara masa a hankali. Mu kuwa yaro ya sauka daga mota jiya, ƙila daga sanyin Jos, yau an ɗora masa kwanon kankare zuwa hawa na uku.

Ƙasar Katar ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A nan gida, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki haƙƙin diyya ta hannun asusun inshorar ma'aikata na NSITF, sai dai leburan yini da wuya sunansa ya shiga wata takarda. Ɗan kwangilar da zai zuba dakin a Maris ba sai ya jira doka ba: ya tara mutanensa bayan sallar asuba, kafin azahar an ci ƙarfin aikin, sauran a ƙarasa bayan la'asar.