Sifilit Mai Sanyi da Ɗumi da Yadda Ake Girka Shi

Sifilit wani nau'in iyakwandishan ne da aka raba gida biyu: kai a jikin bango cikin ɗaki, inji kuma a waje. Ba ya buƙatar manyan bututan iska irin waɗanda ake ɓoyewa a silin ɗin manyan gine-gine. Abin da ya haɗa sassan biyu bai wuce bututai biyu na jan ƙarfe da wayar wuta da tiyon zubar da ruwa ba, kuma dukkansu ta rami guda suke bi, mai faɗin kamar santimita 7. Kamfanonin Japan irin su Mitsubishi Electric da Daikin da Toshiba ne suka yi fice wajen bunƙasa shi, kuma Toshiba ne ya fitar da samfurin gida mai inbata, wato mai iya rage ko ƙara saurin injinsa gwargwadon buƙata, a 1981.

Yadda yake aiki

Na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi take yi daga wuri ta kai shi wani wuri. Gas ɗin da ke zagayawa cikin bututan yana shan zafin ɗaki a kan da ke ciki, kwamfaresa ta matse shi, fankar waje ta fece zafin. Samfurin da ake kira famfon zafi yana da wani bawul mai hanya huɗu da ke juya tafiyar gas ɗin, sai ya koma ɗebo zafi daga iskar waje yana zubawa a ɗaki. Ko iskar da mutum ke ji tana yankar fata ba ta rasa zafin da za a tatsa. Shi ya sa a matsakaicin sanyi kilowat ɗaya na lantarki kan ba da ɗumin kilowat uku zuwa huɗu, alhali hita mai waya abin da ta ci shi take bayarwa, ba ƙari.

Ana auna ƙarfinta da BTU, wato ma'aunin yawan zafin da take kwashewa a awa guda. Waɗanda aka fi samu su ne 9,000 da 12,000 da 18,000 da 24,000, kuma 12,000 daidai yake da kusan kilowat 3.5. Mutane kan ɗauka babba ta fi, amma wadda ta fi ƙarfin ɗaki saurin kashe kanta take yi kafin ta janye laimar iska, sai ɗakin ya yi sanyi amma jiki na danƙo.

Aikin bango da na wuta

Girkin aiki uku ne a haɗe: na magini, na mai wuta, da na mai gyaran firij. Na farko kusan duk mai injin huda bango da haƙuri zai iya. Ana ɗaure farantin ƙarfe a bango, sama da mita biyu daga ƙasa, a bar aƙalla santimita 15 tsakanin kan da silin domin ta sama yake shaƙar iska. Dole farantin ya zauna daidai. Idan ya karkata, ruwan da ke taruwa a tiren ciki ba zai bi tiyo ba, bango zai bi. Don haka ma ake huda ramin ya ɗan gangara zuwa waje, kuma tiyon ruwan ne ke kwanciya a ƙarƙashin ƙunshin bututan. Injin waje yana son sarari gaba da baya, da mazauni mai ƙwari. Inda ƙanƙara ke zuba ana ɗaga shi daga ƙasa, tunda a lokacin ɗumama ɗaki raɓa kan daskare a jikinsa, ya narkar da ita, ruwa ya riƙa tsiyaya.

Wuta kuma ana ja mata layinta daban da bireka tata, da wayar atin. Wayoyin da ke tsakanin kai da inji suna da lambobi, kuma lamba ɗaya a ciki dole ta hau lamba ɗaya a waje. Canja musu wuri na iya ƙona allon na'urar nan take.

Bakin bututu da zuƙe iska

A nan gizo ke saƙar. Bututan ba walda ake musu ba. Ana yanka bututu da abin yanka na musamman, ba da zarto ba, a goge kaifin bakin ana riƙe da shi yana kallon ƙasa don kada ɓurɓushi ya faɗa ciki, a zura noti, sannan a buɗa bakin ya zama kamar ƙaramin mazurari mai kusurwar digiri 45. Duk wanda ya taɓa aikin ya san takaicin gama buɗa baki mai kyau sannan ya hango notin a ƙasa. Ba makawa sai an sake yankewa. Bakin da ya yi kyau sumul yake, yana sheƙi, babu tsaga ko karce. A ƙananan na'urori siririn bututun rubu'in inci ne, mai kaurin kuma uku bisa takwas. Ana fara ɗaura notin da hannu, a ƙarasa da sufana mai auna ƙarfin ɗauri gwargwadon adadin da ke littafin na'urar. Ɗaurin da bai kai ba yana yoyo, wanda ya wuce kima yana tsaga bakin, kuma yoyon ba ya nuna kansa sai bayan watanni, ranar da sanyi ya ragu aka ga ƙanƙara ta kama bututu.

Gas ɗin a kulle yake zuwa cikin injin waje, bututai da kan ciki kuwa iska ce a cikinsu. Kafin a sake shi ana cika layin da naitirojin a ga ko matsin zai sauka, ana shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Sannan a jona famfon zuƙe iska har ma'aunin matsin da ya rage a layin ya sauka zuwa maikiron 500 ko ƙasa da haka, a kashe, a jira a ga ko zai tsaya. Hikimar ita ce idan matsi ya faɗi sosai ruwa na tafasa ba tare da wuta ba, sai laimar da ke maƙale a bututu ta zama tururi ta fice. Laimar da aka bari tana haɗuwa da man kwamfaresa ta zama asid, ta riƙa cin injin a hankali. Akwai masu gajarce hanya, su buɗe bawul su bar gas ya kori iskar da sautin "fuuu" na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ganganci ne: gas ya ragu, laima kuma tana nan. Sai an gama gwajin naitirojin da zuƙe iska ake sa alanki a buɗe bawuloli biyu na injin waje don sakin gas ɗin. Gas ɗin da kamfani ya zuba na wani tsawon bututu ne, galibi mita 5 zuwa 7.5, abin da ya ɗara haka sai an ƙara a kan sikeli.

Doka da garanti

Ana kan yin watsi da tsohon gas R-22 ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga ozon, wato iskar sararin sama da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. R-410A da ya gaje shi yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau 2,000, R-32 kuwa sau 675, sai dai yana ɗan kama wuta. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi rage irin waɗannan gas ɗin. A Amurka sai mai shaidar Sashe na 608 ta hukumar kare muhalli ke da izinin aikin gas, Tarayyar Turai ma ta wajabta ƙwararre mai takarda. Kamfanoni da yawa ba sa amsa garanti idan ba ƙwararre ne ya girka ba, don haka wasu kan yi aikin bango da kansu su kira mai sana'ar ya ƙarasa.

Akwai kuma samfuran da aka yi musamman don mai gida, kamar na kamfanin MrCool, waɗanda bututansu ke zuwa da gas a rufe, ɗaura su kawai ake yi. Ba a yanka irin wannan bututun, saboda haka idan ya yi yawa ana naɗe ragowar a kwance bayan injin, domin naɗin tsaye yana tare man da ya kamata ya koma kwamfaresa.