Waiwaye: Gidan Makama tsakanin yaɓen ƙasa da siminti

Duk sanda aka ta da zancen gyaran Gidan Makama na Kano, gardamar ɗaya ce: a bar shi da ƙasarsa, ko a lulluɓe shi da siminti a huta da yaɓe?

Gidan ya haura shekara 500. Ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma masu ba da tarihi sun ce nan ya zauna kafin a gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, sai suka mai da shi ofis. Daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani gidan tarihi, wanda yanzu yake hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979.

Ba ƙarfin ƙasa kaɗai ya kawo shi yau ba, hannun magina ne. Da tubali aka ɗora bangon, aka jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, aka ɗaure rufin soro. Ana shafe waje da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwan sama ya zame. Kafin damina kuma Sarkin Magina da yaransa su hau su toshe tsaga, su gyara indararo. Da aka rage wannan hidima, sai gini ya fara zaizayewa, aka ɗora wa ƙasa laifin da ba nata ba.

Siminti kuwa yana ruɗin ido. Ran da aka gama shafe sai ka ga bango sumul, amma ƙasa tana numfashi, shi ba ya yi. Danshi ya maƙale a ciki, bangon ya ruɓe ba a sani ba. Ƙwanƙwasa wurin da yatsa, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Wata damina guda sai ɓawon ya faɗo, ya tafi da rabin katangar.

Kanawa sun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A 2007 aka sa ganuwar birnin cikin jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shaidar UNESCO ta wuraren tarihi na duniya, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka tsai da sabuwa a gurbinta. Abin ya yi wa mutane da yawa ciwo, ni ma ina cikinsu.

Ba wanda ke cewa gidan ya zauna cikin duhu. Yana bukatar lantarki, da na'urar kashe gobara, da akwatunan gilashi masu kare tsofaffin rubuce-rubucen ajami daga ƙura. Sai dai wayar wuta a bi da ita ta bututu a gefe, kada a sassaƙe bango domin ta. A kasafin gyaran kuma a ware kuɗin yaɓe na kowace shekara, da ladan tsofaffin magina da za su koya wa yara aikin, don waɗanda suka iya ɗaurin guga, wato lanƙwasassun bakunan da ke riƙe rufin soro, sai raguwa suke yi.