Satar kayan kantuna ta gungun ɓarayi

Satar kayan kantuna ta gungu ita ce wadda ƙungiyar mutane ke shiryawa don su kwashi haja daga manyan kantuna su sayar, ba don amfanin kansu ba. A nan ta sha bamban da ɗauke-ɗauken mai ɗan hali. An fi nazarinta a Amurka da Birtaniya.

Yadda aikin ke tafiya

Gungun yana da matakai. A ƙasa akwai masu shiga kanti su ɗauko, galibi matsattsu ko masu shaye-shaye, ana biyansu kaɗan daga farashin kayan. Sama da su akwai ɓarawon zaune, wanda ke rubuta musu abin da yake so, ya tara kayan a sito, ya sa a ɓamɓare tambarin kanti, a sake shirya su cikin kwalaye kamar sabuwar haja. Shi ne ginshiƙin harkar, domin in an kama mai ɗauka ɗaya, kafin gari ya waye an sami madadinsa.

Kayan da aka fi so su ne ƙanana masu tsada da saurin shiga kasuwa: reza, madarar jarirai, kayan kwalliya, magungunan da ba sai da takardar likita ba, da na'urorin aikin hannu masu batir. Wasu na shiga da jaka da aka lulluɓe cikinta da fallen alminiyam ninki-ninki, wanda ke hana na'urar bakin ƙofa jin alamar tsaron da ke maƙale a kayan. Haɗarin bai tsaya kan mai kanti ba: madara ko maganin da ya kwana cikin zafi, ko aka sauya masa ranar lalacewa, cikin mai saye zai ƙare.

Hanyar kuɗin

Yau da yawa daga cikin kayan a kasuwannin intanet ake sayar da su, ta asusun sayarwa da dama masu sunaye daban-daban, a farashi ƙasa da na sari. Wata dabarar ita ce mayar wa kanti kayan da aka sace ba rasit, a karɓi katin sayayya, a sayar da katin da rangwame. Daga nan sai halatta kuɗin haram: a buɗe kamfanin bogi mai sunan dillanci, a gauraya kayan sata da na halal, a ƙirƙiro takardun saye.

A Amurka, banki dole ya kai rahoton duk wata hulɗa ta tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000. Saboda haka gungun kan rarraba kuɗin, su zuba dala 9,000 yau a wannan reshe, gobe a wancan. Wannan rarrabawar kanta laifi ce, kuma sau da yawa ita ke tona musu asiri. Abin da ma'aikacin banki ke lura da shi: kuɗi na ta shigowa daga dandalin intanet, amma babu ko sisin da ya fita zuwa wani kamfanin sari da aka sani. Mai sayar da reza dubbai da bai taɓa biyan masana'anta ba yana da bayanin da zai yi.

Doka

Babbar matsala ita ce iyakar da doka ta sa. A jihar Kalifoniya, ƙuri'ar raba-gardama ta 2014 ta mayar da satar kanti da ba ta wuce dala 950 ba ƙaramin laifi. A Ingila, dokar 2014 ta ware satar da ba ta haura fam 200 ba a matsayin ƙarama. Gungu kan tsaya ƙasa da iyakar a kowane kanti, su zaga goma a yini. Maganin shi ne haɗa sace-sacen wuri guda a tuhuma ɗaya, abin da Kalifoniya ta ƙarfafa a ƙuri'ar Nuwamban 2024.

Dokar INFORM ta Amurka, da ta fara aiki ranar 27 ga Yunin 2023, ta wajabta wa kasuwannin intanet karɓa da tantance asusun banki, lambar haraji da adireshin duk wanda ya yi ciniki 200 ko fiye, na aƙalla dala 5,000, cikin wata 12. Raunin dokar a fili yake: mai asusun sayarwa ashirin zai iya riƙe kowanne ƙasa da iyakar.

A kanti, abin da ya fi amfani shi ne rubuta kowace sata da lokaci, hoton kyamara, lambar mota da lambar kayan, sannan a raba bayanan da sauran kantuna da 'yan sanda. Kulle kaya cikin gilashi yana rage sata, amma yana korar masu saye ma.

Ƙididdigar asarar tana buƙatar taka-tsantsan, domin ɓatan haja ya haɗa da satar ma'aikata da kuskuren lissafi. A Disamban 2023 ƙungiyar 'yan kasuwar kantuna ta Amurka, NRF, ta janye iƙirarinta cewa gungun ɓarayi ne suka jawo kusan rabin asarar dala biliyan 94.5 ta shekarar 2021.