Jerin Kunnuwa a Shafin Intanet

Jerin kunnuwa, wanda masu gina shafuka suka fi sani da tab, layi ne na zaɓi da ake sawa a saman shafin intanet don kai mai karatu sassa daban-daban. Kowane kunne yana ɗauke da sunan sashe guda. Wanda aka buɗe yakan fito gaba ya haɗe da abin da ke ƙarƙashinsa, sauran kuma su ja baya. An aro siffar ne daga fayil ɗin ofis, wanda ake bar wa ɗan kunne a gefe a rubuta suna, don magatakarda ya zaro wanda yake nema ba sai ya zazzage durowa ba.

Asali

Da harsunan kwamfuta uku ake wannan gini: HTML mai tsara ƙashin shafi, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a cibiyar bincike ta CERN a farkon shekarun 1990, sai JavaScript mai sa shafi ya yi aiki idan an latsa, da ya fito a 1995, da CSS mai yi masa ado, da aka amince da matakinsa na farko a 1996. Kamfanin Amazon na cikin waɗanda suka yaɗa kunnuwa a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ya ƙara wasu kaya a kan littattafan da yake sayarwa. A wancan zamani galibi kowane kunne hoto ne da aka zana, don haka sauya suna guda yana nufin sake zane. A 2003 Douglas Bowman ya bayyana wata dabara a mujallar A List Apart: hotuna biyu, dogo da siriri, suna zamewa a kan juna gwargwadon tsawon rubutu. An daɗe ana cin moriyarta, har CSS ya samu border-radius, wanda ke lanƙwasa kusurwa ba tare da hoto ba.

Iri biyu da ake yawan haɗawa

Na farko shi ne wanda kowane kunne mahaɗi ne, wato link, zuwa wani shafi dabam, mai adireshinsa. Na biyu kuwa bayanan duka suna cikin shafi ɗaya, kunnen yana ɓoye wani sashe ne ya bayyana wani. A ido kamarsu ɗaya, amma gininsu ya sha bamban, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe.

Yadda ake ginawa

A ɗauka ɗalibi a Birnin Kebbi zai gina wa baƙin Bikin Kamun Kifi na Argungu shafi mai kunnuwa irin na farko, da sassa huɗu: Tarihi, Wasanni, Masauki, Hanya. Zai fara da nav, alamar HTML ta wurin mahaɗai, ya sa ul, alamar jeri, a ciki, kowane li, wato layi ɗaya na jerin, ya riƙe mahaɗi guda. Idan ya buɗe a wannan mataki, sunaye huɗu zai gani a jere daga sama zuwa ƙasa, babu ado ko kaɗan, amma kowanne yana kai mutum inda ya ce. Wannan shi ne tubali, kuma duk wanda ya tsallake shi ya fara da kwalliya zai dawo ya gyara.

Daga nan CSS ya shigo. Da display: flex sunayen za su kwanta a layi ɗaya, a cire ɗige-ɗigen jerin, a ba kowanne iyaka da ɗan fili. Sirrin kamannin yana wuri ɗaya: kunnen da ke buɗe, a ce Tarihi, ana ba shi launin takardar da ke ƙasa, a share layin gindinsa, sai ya zama jiki ɗaya da labarin kogin Matan Fada da yake ɗauke da shi. A kan mahaɗinsa kuma a rubuta aria-current="page", domin manhajar da ke karanta wa makafi allo ta faɗa musu inda suke.

Iri na biyu yana buƙatar JavaScript da alamomin WAI-ARIA, ƙa'idar sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin gina shafuka ta tabbatar a 2014: tablist ga layin, tab ga kowane kunne, tabpanel ga sashen da yake buɗewa. Dole maɓallan kibiya na hagu da dama su riƙa zagayawa tsakanin kunnuwan, saboda ba kowa ke iya riƙe linzamin kwamfuta ba.

Abin lura ga masu gini a yankin Kebbi da Zamfara

Mai buɗe shafi daga Yauri ko Talata Mafara galibi da waya zai buɗe, wani lokaci sabis na zuwa yana ɗaukewa. Idan komai ya rataya a kan JavaScript kuma bai gama saukowa ba, mutum zai yi ta latsa kunne shiru, datarsa kuma ta tafi. Shi ya sa ya fi dacewa a gina ta yadda ko da rubutun HTML kaɗai ya iso, bayanin zai karantu. Girman kunne ma abin dubawa ne: ƙa'idar Android ta ba da shawarar aƙalla 48dp, ma'aunin girma a allon waya, ga duk abin da yatsa zai taɓa. Bambancin launin rubutu da na bango kada ya gaza 4.5 zuwa 1 bisa ma'aunin WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa kowa karanta shafi, kuma duk wanda ya taɓa duba waya da tsakar rana a kasuwar Gusau ya san dalili. Launi kaɗai bai isa ya nuna kunnen da ke buɗe ba. A ƙara kauri ko layi.

Kunnuwa ba sa son yawa. Huɗu ko biyar sun cika faɗin waya, kuma jera su layi biyu yana rikita mai karatu. Sunayen Hausa sukan yi tsawo, don haka "Masauki" ya fi "Wuraren da baƙi za su sauka". A tabbata an ajiye fayil ɗin da tsarin adana haruffa na UTF-8 kuma salon haruffan (font) da aka zaɓa yana da ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba "Baƙi" zai fito da ɗan akwati a tsakiya. Shafin da aka rubuta da Ajami yana buƙatar dir="rtl", wanda zai sa kunnen farko ya fara daga dama, sauran su bi shi zuwa hagu.