Ba da Kyautar Ƙoda: An Rage Yankan da Mutane ke Tsoro

Har yanzu mutane da yawa na ganin duk wanda ya ba ɗan'uwansa ƙoda sai an tsage masa kwiɓi, an cire haƙarƙari, ya yi watanni a kwance. A da can akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. Amma tun 1995, da likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka fara cire ƙodar mai rai ta ƙananan ramuka, lamarin ya sauya.

Ramuka uku ko huɗu ake hudawa, kowanne bai wuce kan yatsa ba. A hura iskar gas a ciki don ya buɗe, a zura 'yar kyamara da siraran kayan aiki, likita na kallon allo yana raba ƙodar tare da jijiyoyinta daga jiki. Sannan a fito da ita ta wani gajeren yanka a ƙasan cibiya. Yawanci ta hagu ake ɗauka, domin jijiyar jininta ta fi tsawo, ta fi sauƙin dasawa.

Kwana biyu zuwa uku ake sallamar mutum, ya koma harkokinsa cikin 'yan makonni. Tiyata ce dai, jini na iya ɓallewa har a koma buɗe ciki, shi ya sa ake tsananta gwaje-gwaje kafin a amince da mai bayarwa.